Gwajin Magani a Asibitin Jami'a: Shiga, Jira, ko Tsayawa Kan Maganin da Aka Sani?

Manyan asibitocin koyarwa na jami'o'i sukan fitar da jerin gwaje-gwajen magani da suke shirin buɗewa: ga na ciwon daji, ga na zuciya, ga na ciwon suga, ga na sikila. Marar lafiyar da ya ga cutarsa a cikin jerin, ko wanda likitansa ya ce masa akwai wani gwaji da za a fara ko zai so ya shiga, yakan rasa tudun dafawa. Wani yana ganin dama ce ta samun sabon magani kafin kowa. Wani kuma yana ganin za a mai da shi zakaran gwajin dafi. Dukkansu sun yi saurin yanke hukunci, domin abin da ake kira gwaji ba iri ɗaya ba ne. Tsakanin gwajin da ake ba mutum sinadarin da bai taɓa shiga jikin ɗan Adam ba, da wanda ake kwatanta magunguna biyu da aka daɗe ana sha, akwai tazara mai nisa ƙwarai.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, kuma a ganina shi ne uwa-uba: me za ka bari idan ka shiga? Mutumin da cutarsa ke da maganin da aka tabbatar yana aiki, da wanda ya gama shan duk abin da likitoci ke da shi bai ji sauƙi ba, lissafinsu ba zai zama ɗaya ba ko da takarda ɗaya aka miƙa musu.

Na biyu shi ne amfanin da kai kanka za ka iya samu. An tsara gwaji ne don a amsa wata tambaya da za ta amfani marasa lafiyar da za su zo nan gaba. Kai ma kana iya dacewa, amma ba dominka aka shirya shi ba, kuma yawan ɓacin ran da ake samu daga baya yana tasowa ne daga mance wannan.

Na uku haɗari, da kuma yadda aka san haɗarin. Illar da aka sani likita yana shirya mata tun kafin ta zo. Wadda ba a taɓa gani ba kuwa sai ta auku ake saninta.

Sauran ukun su ne kuɗi, ɗawainiya, da ɗorewa, wato abin da zai faru da kai ranar da aka rufe gwajin.

Tsayawa kan maganin da aka sani

Ana raina wannan zaɓi saboda babu ɗoki a cikinsa. Amma galibin magungunan da likita ke rubutawa yau su ne suka ci gwajin jiya. Daga cikin magungunan da ake fara gwadawa a jikin mutane, kimanin ɗaya cikin goma ne kawai ke kaiwa ga samun izinin hukuma. Sauran suna faɗuwa a hanya, ko don ba su yi aiki ba, ko don illarsu ta rinjayi amfaninsu.

A nan likitanka yana da cikakken 'yanci. Zai rage adadi, ya ƙara, ya sauya magani, ya ɗaga ranar zuwa asibiti idan kana da uzuri. Kuɗin yana kanka ko kan inshorarka, kuma a cututtuka masu daɗewa wannan nauyi ne babba. Ta fuskar ɗorewa babu kamarsa, tunda magani yana nan a kasuwa. Rauninsa guda ne: idan ya gaza a jikinka, ya gaza.

Gwaji na mataki na ɗaya

A wannan mataki ake fara ba mutane sabon magani bayan an gwada shi a ɗakin bincike da jikin dabbobi. Mutanen da ake ɗauka ba su da yawa, daga 20 zuwa 100. Abin da ake nema shi ne sanin adadin da jiki zai iya ɗauka da irin illar da yake haifarwa. Ana farawa da ɗan kaɗan, in rukunin farko sun wanye lafiya a ƙara wa na biyu, haka har a iske iyaka. Ma'anar wannan ga mai shiga ita ce: na farko-farko suna iya samun adadin da bai kai ya yi komai ba, na ƙarshe-ƙarshe kuma suna iya samun wanda ya fi ƙarfin jikinsu.

A yawancin magunguna, masu ƙoshin lafiya ake ɗauka a biya su ladan lokacinsu. A ciwon daji kuwa marasa lafiyar kansu ne ke shiga, galibi bayan sauran magunguna sun kasa. Wani nazari da ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje da Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka ta ɗauki nauyi tsakanin 1991 da 2002 ya gano cewa kimanin mutum 10 cikin 100 ne ƙarinsu ya ragu, mutuwa sanadiyyar maganin kuma ba ta kai ɗaya cikin 100 ba. A shekarun baya-bayan nan adadin masu amfana ya ƙaru, amma har yanzu su ne marasa rinjaye. Akan sami abin mamaki jefi-jefi. A gwajin farko na imatinib, maganin wani nau'in ciwon dajin jini, mutum 53 daga cikin 54 da suka sha adadi mai ƙarfi jininsu ya daidaita, aka ba maganin izini a 2001. Labarin gaskiya ne, sai dai ana yawan ba da shi ne saboda irinsa ba ya yawa.

Ɗaya fuskar ma tana da tarihi. A 2006 a Landan, matasa shida masu lafiya da aka yi wa allurar wani sinadari mai suna TGN1412 sun faɗi cikin mawuyacin hali cikin 'yan sa'o'i, sassan jikinsu suka riƙa kasawa. An yi musu allurar ne da tazarar 'yan mintoci tsakanin ɗaya da ɗaya, don haka kafin a gane akwai matsala duk sun karɓa. Sun rayu, aƙalla ɗaya daga cikinsu da nakasa. Tun daga nan aka tsaurara ƙa'ida, a magunguna masu haɗari akan ba mutum ɗaya a jira a ga yadda ya yi kafin a ba na biyu. A 2016 kuma mutum ɗaya ya rasu a wani gwaji a birnin Ren na Faransa. Irin waɗannan ba su cika faruwa ba, amma suna nuna cewa a wannan mataki babu wanda zai iya ba ka cikakken jerin illoli, domin jerin ne ake kan rubutawa.

Ɗawainiyarsa ta fi ta kowanne. Akwai kwana a asibiti, akwai ɗibar jini sau da yawa a yini ɗaya, wani lokaci har da yanko ɗan nama daga ƙarin don a duba. Maganin kyauta ne. Wanda ya rage masa ƙarfi kaɗan ya kamata ya auna ko yana son ƙarar da shi a zirga-zirgar asibiti.

Gwaji na mataki na biyu

An riga an san adadin da za a bayar, yanzu ana so a ga ko yana taɓa cutar. Mutum 100 zuwa 300 akan ɗauka, na tsawon watanni zuwa shekara biyu. Haɗarin ya ragu kaɗan, damar amfana ta ƙaru kaɗan. Amma a nan ne magunguna suka fi faɗuwa, kusan ɗaya cikin uku ne ke tsallakewa. A wasu gwaje-gwajen kowa yana samun sabon maganin, a wasu kuma ana raba mutane rukuni-rukuni. Ka tambayi wanne ne naka.

Gwaji na mataki na uku

Wannan ne mafi yawan mutane ke cin karo da shi, kuma shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Ana ɗaukar ɗaruruwa zuwa dubbai, sau da yawa a asibitoci da dama a ƙasashe daban-daban, na tsawon shekara ɗaya zuwa huɗu. Ana kwatanta sabon magani da mafi kyawun abin da ake da shi yanzu. Kwamfuta ce ke jefa ƙuri'ar rukunin da za ka faɗa, kai ba ka zaɓa, likita ma ba ya zaɓa. A gwaje-gwaje da yawa ku biyun ba za ku san abin da kake sha ba sai an gama, in ba wata larura ta gaggawa ce ta tilasta a buɗe ba.

Ƙuri'ar nan ce ke hana mutane barci. Suna ganin wanda ya faɗa rukunin tsohon magani ya yi asara. Nazarin da aka yi a kan ɗaruruwan gwaje-gwaje irin waɗannan ya nuna cewa sabon magani yana fin tsoho ne a kaɗan sama da rabin lokuta, kuma galibi fifikon ba mai yawa ba ne. Da an san sabon ya fi, da ba a halatta ƙuri'ar ba tun farko. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya. Likitoci sun lura cewa masu rikicewar bugawar zuciya bayan ciwon sun fi mutuwa, ga kuma magunguna biyu, encainide da flecainide, da ke daidaita bugawar sarai. Hankali ya ba kowa cewa za su ceci rayuka, har wasu likitoci na ganin zalunci ne a hana wani. A 1989 aka dakatar da ba da su a gwajin, saboda masu shan su sun fi mutuwa fiye da ninki biyu. Waɗanda ƙuri'a ta jefa rukunin ƙwaya marar sinadari su ne suka fi tsira. A ɗaya gefen kuma, gwajin RECOVERY da Jami'ar Okisfod ta jagoranta a 2020 ya gano cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwar masu cutar korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Waɗanda suka faɗa wancan rukunin sun amfana tun kafin duniya ta sani.

Batun filasibo, wato ƙwayar da babu magani a cikinta, yana da ƙa'ida. Yarjejeniyar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964 kuma take sabuntawa lokaci-lokaci, ta ce ana kwatanta sabon magani ne da mafi kyawun wanda aka tabbatar. Ana amfani da filasibo shi kaɗai idan babu wani magani, ko idan akwai dalili mai ƙarfi kuma rashin maganin ba zai jawo babbar illa ba. A cututtuka masu tsanani abin da aka saba shi ne kowa ya sami maganin da aka sani, sannan a ɗora wa wasu sabon, a ɗora wa wasu filasibo. Ka nemi a faɗa maka ƙarara me rukunin kwatance ke samu. Idan abin da suke samu bai kai wanda likitanka zai ba ka a waje ba, maganar ta canza.

Akwai kuma kwamiti mai zaman kansa da ke leƙa sakamakon a asirce yayin da gwaji ke tafiya. In suka ga wani rukuni na cutuwa, ko wani ya yi fice ƙwarai, suna da ikon ba da shawarar a tsaya. Su ne suka ba da shawarar dakatar da magungunan nan biyu a wancan gwaji na zuciya.

Ta fuskar kuɗi sai a buɗe ido. Maganin da ake gwadawa da duk awon da aka ƙara saboda bincike yawanci mai ɗaukar nauyin gwajin ne ke biya. Amma kulawar da dama can za a yi maka ko ba ka shiga ba, kamar kuɗin gado da hoton da aka saba ɗauka, tana iya zama a kanka. Kuɗin mota, masauki, ranakun aikin da za ka rasa da na mai raka ka, wasu gwaje-gwajen suna mayarwa, wasu ba ruwansu. Sai babbar tambaya: in maganin ya yi maka lahani, wa zai biya jinya? A Tarayyar Turai doka ta wajabta tanadin diyya. A Amurka dokar tarayya ta wajabta ne kawai a sanar da kai ko akwai tanadin ko babu. Amsar tana cikin takardar amincewa da ake sa wa hannu kafin shiga gwaji, kuma galibi a shafukan ƙarshe take, inda mutum ya riga ya gaji da karatu.

Ɗorewa ma abin tambaya ce. A ce maganin ya karɓe ka, gwaji ya ƙare, izinin hukuma kuma sai bayan shekara ɗaya ko biyu. Me za ka sha a tsakani? Wasu gwaje-gwajen suna da zango na biyu da ake ci gaba da ba mahalarta maganin a bayyane. Wasu ba su da shi. Kuma ko ya fito kasuwa, farashinsa na iya fin ƙarfinka. A gwajin gyaran ƙwayoyin gado abin ya juya: magani sau ɗaya ne, ba a iya cire shi daga jiki, kuma ana iya bibiyar mutum har shekara 15.

Binciken sa-ido

A cikin jerin da asibitoci ke fitarwa akwai binciken da ba a ba kowa sabon magani. Ana bin lafiyarka ne kawai, a ɗebi jini, a yi maka tambayoyi, a duba fayil ɗinka. Da irinsa aka gano alaƙar hawan jini da yawan kitse a jini da ciwon zuciya, a binciken garin Firamingham na Amurka da aka fara a 1948 da mutum 5,209. Haɗari ga jiki kusan babu, amfani gare ka ma kusan babu. Abin dubawa shi ne wa zai ga bayananka, shekara nawa za a ajiye jininka, kuma in an gano wata cuta da ba ka san da ita ba za a gaya maka ko a'a.

Neman maganin a wajen gwaji

Wanda cutarsa ta yi tsanani, ba shi da wani magani, kuma bai cika sharuɗɗan gwaji ba, likitansa na iya roƙon kamfani ya ba shi maganin da ba a kammala gwadawa ba. Ƙasashe da yawa suna da wannan ƙofa. A Amurka hukumar abinci da magunguna tana amincewa da kusan duk buƙatun da suka isa gabanta. Inda gizo ke saƙar shi ne kamfanin, domin babu mai tilasta masa bayarwa. Fa'idar ita ce babu ƙuri'a. Amma sa-idon bai kai na gwaji ba, inshora ba ta cika biya ba, kuma ana iya yanke maganin in kamfani ya dakatar da shi.

Wani gargaɗi a gefe: duk wurin da ya nemi ka biya maƙudan kuɗi don ka shiga abin da ya kira gwaji, ka ja baya. Kasancewar sunan bincike a rumbun ClinicalTrials.gov, shafin intanet na gwamnatin Amurka da ake rajistar gwaje-gwaje, ba ya nufin wata hukuma ta tantance shi, rumbun kansa yana faɗin haka.

Jiran gwajin da bai buɗe ba

Wannan ma zaɓi ne, kuma shi ne mai haɗarin da ba a gani. Ranar buɗewa da aka rubuta hasashe ce. Amincewar kwamitin ɗa'a mai kare haƙƙin mahalarta, yarjejeniyar kuɗi da isowar magani duk suna iya ja da ita baya da watanni. In ya buɗe ma sai an tantance ka, kuma awon ƙoda ko na hanta guda ɗaya yana iya fitar da kai. Wanda ya ajiye maganin da ke aiki don gwajin da ba a fara ba yana iya ƙarewa da zaman jiran gawon shanu, cuta kuwa ba ta jira.

Sai dai akwai sarƙaƙiya. Wasu gwaje-gwajen ba sa ɗaukar wanda ya riga ya fara wani magani, wasu kuma suna buƙatar a dakatar da wanda ake sha na 'yan makonni kafin a shiga. Saboda haka tambayar da za a yi wa likita ita ce: mako nawa cutata za ta iya jira ba tare da na yi asarar da ba ta gyaruwa ba? In ya faɗi adadi, a sa rana, in ta cika gwaji bai buɗe ba a fara magani.

| Zaɓi | Damar amfana | Haɗari | Kuɗi | Ɗawainiya | Ɗorewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Maganin da aka sani | An san iyakarta | An san shi | A kanka ko inshora | Kaɗan | Mai ƙarfi |
| Mataki na 1 | Ƙanƙanuwa | Ba a gama sani ba | Magani kyauta | Mai yawa ƙwarai | Babu tabbas |
| Mataki na 2 | Matsakaiciya zuwa ƙasa | An fara sani | Magani kyauta | Mai yawa | Babu tabbas |
| Mataki na 3 | Daidai da na yanzu ko ɗan sama, wani lokaci ƙasa | An san mafi yawa | Rabi da rabi | Matsakaiciya | Ya danganta da tsari |
| Binciken sa-ido | Kusan babu | Sirrin bayanai | Babu | Kaɗan | Ba ya taɓa maganinka |
| Magani a wajen gwaji | Ba a sani ba | Ba a gama sani ba | Yana iya zama a kanka | Takardu da jira | Hannun kamfani |
| Jira | Babu, sai an buɗe | Cuta na ci gaba | Babu | Babu | Babu |

Wa ya dace da me

Wanda aka gano cutarsa yanzu kuma akwai maganin da ke warkar da mafi yawan masu ita, ya fara maganin. Gwajin da ya cancanci ya saurara shi ne na mataki na uku da zai ba shi wannan maganin a kowane rukuni ya faɗa, kuma wanda ya riga ya buɗe.

Mai cuta mai daɗewa da maganinsa ke riƙe da shi ba laifi amma bai gamsu ba, shi ne mataki na uku ya fi yi wa daidai, musamman in kuɗin magani na cin ƙarfinsa kuma asibitin ba shi da nisa. Ya tabbatar da abin da zai faru bayan an rufe gwajin kafin ya sa hannu. Mace mai niyyar haihuwa nan kusa, ko namiji mai wannan niyya, su sani cewa yawancin gwaje-gwaje suna sharɗanta hana ɗaukar ciki har zuwa wani lokaci bayan an gama.

Wanda magunguna suka ƙare masa kuma yana da sauran ƙarfi, ya fara neman mataki na biyu, in babu sai na ɗaya, yana sane da cewa damar ƙanƙanuwa ce. Ya tambayi me aka gani a rukunan da suka gabace shi, kuma a wane adadi shi zai shiga. In bai cika sharuɗɗa ba, likitansa ya gwada ƙofar kamfani. In kuma jiki ya yi rauni, zaɓar kulawar rage raɗaɗi da zama cikin iyali hukunci ne mai ma'ana, kada wani ya sa shi jin kamar ya karaya.

Mai lafiyar da kuɗin mataki na ɗaya ke jan hankalinsa, ya tambayi ko shi ne rukunin farko da zai karɓi sinadarin, ya faɗi gaskiya kan duk abin da yake sha, kada kuma ya haɗa gwaji biyu a lokaci ɗaya. Mai son ba da gudummawa ba tare da taɓa maganinsa ba, binciken sa-ido ya ishe shi.

Ga duk wanda ya shiga kowanne daga cikinsu, 'yancin fita a duk lokacin da ya so yana nan tun Ƙa'idar Nuremba ta 1947 kan gwaji a jikin mutane, kuma fitar ba ta hana shi kulawar da yake samu a asibitin. Amma a sanar da masu binciken kafin a daina sha, domin wasu magungunan sai an rage su sannu a hankali.